Kundin aiki: hayaƙin gobarar Ostireliya a idon hasken zafi

11 ga Nuwamba, 2024

Yau Malam ya amince da taken aikin, don haka na buɗe wannan kundi domin in riƙa ajiye abin da na yi da abin da ya gagara. Aikin shi ne in gina samfurin lissafi da zai faɗi irin hasken zafi, wato infared, da tauraron ɗan'adam zai gani idan ya leƙo hayaƙin gobarar daji daga sama. Daga nan sai in ɗora abin da lissafi ya bayar kusa da abin da tauraro ya auna da gaske, in ga inda suka haɗu da inda suka raba hanya.

Gobarar da na zaɓa ita ce ta kudu maso gabashin Ostireliya. Daga 29 zuwa 31 ga Disamban 2019, sai kuma ranar 4 ga Janairun 2020, wutar da ke ci a jihohin New South Wales da Victoria ta yi ƙarfin da har ta haɗa hadari nata na kanta, da tsawa da walƙiya. Masana suna ce masa pyroCb, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa hadarin gobara. An ƙirga irinsa 38 a waɗannan kwanaki, kuma hayaƙin da suka cilla cikin sitiratosfiya, sashen sararin da ke bisa inda ruwan sama ke haɗuwa, an ƙiyasta ya kusan tan miliyan 1. Abin da ya ƙara ja na wurin shi ne tauraron Himawari-8 na ƙasar Japan. A lokacin gobarar yana tsaye a kan layin digiri 140.7 gabas, yana ɗaukar hoton wannan ɓangare na duniya kowane minti 10 ta tagogi 16, kowace da irin hasken da take gani, goma daga cikinsu na infared. Duk abin da ya faru a kwanakin nan a kan idonsa ya faru.

Da zan fita daga ofis Malam ya ce, "Kada ki fara da gobarar. Ki fara da ƙwayar hayaƙi guda ɗaya." Na ce to, Malam.

19 ga Nuwamba, 2024

Mako guda ke nan ina kan ƙwaya ɗaya. Lissafin da ake amfani da shi na Gustav Mie ne, tun 1908, kuma babban abin da yake tambaya shi ne girman ƙwayar idan aka kwatanta da tsawon zangon hasken da ya faɗo mata. Wanda ya taso da rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma haka yake, sai dai da mikron ake auna nasa, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Hasken da ido ke gani yana wajen mikron 0.55. Zafin da ƙasa ke fitarwa, idan tana kan Kelbin 300, wato wajen digiri 27 a ma'aunin da muka saba, ya fi ƙarfi kusa da mikron 10.

Ƙwayar hayaƙi, daga tsakiyarta zuwa gefe, ba ta cika wuce mikron 0.1 zuwa 0.2 ba. Na ɗauki 0.15. Idan aka raba kewayenta da tsawon zango, a hasken ido ana samun 1.7, wato ƙwayar da zangon kusan sa'o'in juna ne, shi ya sa take tare haske sosai, shi ya sa rana ke komawa ja kamar garwashi a bayan hayaƙi. A mikron 3.9 adadin ya sauko 0.24. A mikron 11 kuwa bai kai 0.09 ba. A wannan matsayi warwatsa haske yana bin adadin da aka ninka da kansa sau huɗu, wato kusan babu shi, sai ɗan shanyewa kawai ya rage. Da alƙaluman da na sa wa ƙwayar, hayaƙin da kaurinsa, wato ma'aunin yadda yake tare haske, ya kai 1 a hasken ido, wanda ke dusashe rana da tsakar rana, kaurinsa a mikron 11 bai wuce 0.02 ba.

Na sake lissafin sau uku da hannu a takarda. Haka yake. Abin da nake son aunawa da hasken zafi kusan ba ya taɓa hasken zafi.

27 ga Nuwamba, 2024

Sauko da hotunan Himawari. Da dare nake yi saboda intanet ya fi tafiya, kuma sau biyu aka ɗauke wuta ana tsakiyar fayil. Yanzu na yanke yankin da nake buƙata kawai, na bar sauran faifan duniyar. Na kuma ɗauko zafin iska da danshinta daga rumbun bayanan ERA5 na ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, mai hawa 137 daga ƙasa zuwa sama, sa'a bayan sa'a. Hunturu ya shigo, kullum da safe sai na goge jar ƙura daga allon kwamfutar.

6 ga Disamba, 2024

libRadtran, shirin kwamfutar da ke lissafa tafiyar haske a cikin iska, ya tashi. Na fara da gwaji mafi sauƙi: teku mai zafin Kelbin 295 a ƙasa, shimfiɗar hayaƙi mai kaurin 0.02 a sama, tauraro yana kallo ta tagar mikron 11.

Idan hayaƙin yana can sama inda iska ke kan Kelbin 220, zafin da tauraro ke gani yana raguwa da kimanin digiri 1. Idan na sauko da shi kusa da kilomita 3, inda iska ke kan 280, raguwar ba ta kai sulusin digiri ba. Dalilin a fili yake: hayaƙin yana shanye ɗan zafin da ke tasowa daga ƙasa, ya fitar da nasa a madadinsa, to idan zafinsu ya kusan zama ɗaya, abin da ya karɓa shi ya mayar. Sulusin digiri kuwa, tururin ruwan da ke cikin iska kaɗai zai iya haɗiye shi, balle kuskuren zafin tekun da na sa.

Na shiga wurin Malam jikina a sanyaye. Na ce, "Malam, ina ganin taken nan ba zai kai ni ba, hayaƙin ba ya fitowa." Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in buɗe hoton 30 ga Disamba ta wannan tagar. Na buɗe. Ga wani dunƙule mai tsananin sanyi a kan gobarar, ya bazu gabas kamar uwar maƙera. Ya ce, "To wannan mene ne, in hayaƙi ba ya fitowa?" Bai ƙara komai ba, ya koma kan takardun jarrabawa.

14 ga Disamba, 2024

Kafin in koma kan tambayar Malam na tsaya a tagar mikron 3.9, domin nan ne rashin kaurin hayaƙi ke zama alheri. Ta nan ake hango wutar kanta ta cikin hayaƙin da ya rufe ta.

Na yi lissafin gwaji. A ɗauki ɗigon hoto ɗaya mai faɗin kilomita 2 kowane gefe, ƙasarsa a Kelbin 300. A kunna wuta mai zafin Kelbin 800 a kashi ɗaya cikin dubu na filin, wato murabba'in mita 4,000, ɗan fiye da rabin filin ƙwallo. A tagar mikron 11.2 ɗigon zai ƙaru da digiri ɗaya da 'yan kai. A tagar 3.9 zai tashi daga 300 zuwa 331. Wuta ɗaya, ɗigo ɗaya, bambancin digiri 30. A kan wannan bambanci masanin nan Jeff Dozier ya gina hanyarsa ta gano ƙaramar wuta a cikin babban ɗigo tun 1981, kuma har yau shi ne ginshiƙin taswirorin gobara da ake fitarwa daga taurari.

Na jera hotunan daren 30 zuwa wayewar garin 31 ga Disamba na bi layin wutar yana gangarowa gaɓar teku a gabashin Victoria. A ƙarshen layin akwai Mallacoota, inda mutane kusan 4,000 suka taru a bakin ruwa, sama ta yi baƙi ƙirin da safe sannan ta koma ja. A allona wurin ɗigo ne uku ko huɗu masu haske. Na rufe kwamfutar na ɗan zauna kafin in ci gaba. Mutum 33 gobarar 2019 zuwa 2020 ta kashe kai tsaye, ban da waɗanda hayaƙin ya kwantar a birane.

30 ga Disamba, 2024

Shekara biyar cif da ranar da nake aiki a kanta.

Amsar tambayar Malam ƙanƙara ce. Abin da tagar mikron 11 ke gani a saman hadarin gobara ba hayaƙi ba ne, ƙanƙarar da ta daskare a kan hayaƙin ce. Zafin wuta yana tura iska sama da gudu, tururin da ke cikinta ya taru ya zama ɗigon ruwa, kuma kowane ɗigo yana buƙatar ƙwayar da zai kama. A hadarin damina na yau da kullum ƙwayoyin kaɗan ne, sai ɗigogin su yi girma, su haɗu, su zubo. A hadarin gobara ƙwayoyin sun yi yawa ƙwarai, ruwa ɗaya aka raba wa masu karɓa barkatai, kowa ya samu ɗan mitsitsi. Ɗigogin ba su kai nauyin faɗowa ba, sai iska ta wuce da su sama har inda sanyi ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifiri, inda ruwa ke daskarewa da kansa ko ba abin da ya taɓa shi. Sakamakon shi ne gajimare cike da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, ruwan sama kuma kaɗan. Shi ya sa Michael Fromm da abokan aikinsa a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka suke ɗaukar digiri 40 ƙasa da sifiri a tagar mikron 11 a matsayin alamar cewa hayaƙi ya zama hadarin gobara. Na ranar 30 ya wuce wannan sanyi nesa ba kusa ba.

Girman ƙanƙarar kuwa tagar 3.9 ce ke tona shi, amma da rana kawai. A wannan zango ƙanƙara tana shan haske. Babbar ƙwaya tana shanye hasken rana kafin ya fito, ƙarama tana maido da shi sama. Don haka saman hadarin gobara, duk da tsananin sanyinsa, yana bayyana da ɗumi a tagar 3.9, har tazararsa da tagar 11 ta haura digiri 50. Hadarin damina na kusa da shi, mai sanyi iri ɗaya, ba ya kai haka.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini kwana huɗu. Na sa ƙanƙara a samfurin, na rage girmanta, na ƙara, amma tazarar ta ƙi fitowa ko kusa. Na zargi teburin Warren da Brandt na 2008 na yadda ƙanƙara ke shan haske, wanda nake amfani da shi, na zargi yadda na haɗa tagar. Ashe agogo ne. Sydney a lokacin zafinsu tana gaban agogon duniya da sa'a 11. Na rubuta ƙarfe 4 na yammacin can a gurbin da samfurin ke jiran agogon duniya, shi kuwa ya lissafa ya ga ƙarfe 3 na dare ne a Ostireliya, ya kashe rana. Da na mayar da shi ƙarfe 5 na safe a agogon duniya, tazarar ta fito nan take. Yanzu na sa layi a farkon shirin da ke buga kusurwar rana kafin komai ya fara.

Bayan gyara: ƙanƙara mai mikron 30 tana ba da tazarar da ta gaza abin da Himawari ya gani. Sai na sauko wajen mikron 10 suke kusantar juna. Wannan ya yi daidai da abin da aka samu a gobarar Chisholm ta lardin Alberta a Kanada, a watan Mayun 2001, wadda da ita aka fara fahimtar wannan al'amari sosai. Na ji daɗin ganin samfurina ya iso inda wasu suka riga suka isa ta wata hanya.

9 ga Janairu, 2025

Tsayi. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki sanyin saman gajimare a nemi inda iska ke da wannan sanyin a jerin ERA5. Tana aiki muddin iska na ƙara sanyi yayin da ake hawa. Amma daga bakin sitiratosfiya abin yana tsayawa, sannan ya juya, iska ta fara ɗumi. Sanyi ɗaya sai ya dace da tsayi biyu, ɗaya a ƙasan iyakar ɗaya a samanta, kuma hadarin da na fi damuwa da su su ne masu huda iyakar. Zan warware wannan da CALIPSO, tauraron da ke harba hasken leza ƙasa ya auna tsayi kai tsaye. Ya daina aiki a 2023, amma bayanansa na 2020 suna nan. Matsalarsa siririn layi yake bi, sai an dace ya ratsa ta kan hayaƙin.

Akwai kuma karkata. Himawari yana bisa layin da ya raba duniya biyu, gobarar tana wajen digiri 36 kudu, don haka a kaikaice yake kallonta, kusan digiri 43 daga tsaye. Gajimaren da ke kilomita 15 a sama yana bayyana a hoto kamar an ja shi kudu da kimanin kilomita 14. Kafin in gyara wannan, kan hadarin yana zaune a wani wuri, wutar da ta haife shi a wani wuri daban.

21 ga Janairu, 2025

Wannan makon na koma kan abin da ya karya mini gwiwa a Nuwamba, na gan shi da wani ido.

Bayan ƙanƙarar ta bushe, hayaƙin da ya shiga sitiratosfiya bai sauko ba. Wani ɓangarensa ya dunƙule ya zama guguwa mai faɗin kusan kilomita 1,000, ta yi ta hawa har kilomita 35, ta yi kimanin wata uku ana bin sawunta. Na Kanada, na 12 ga Agustan 2017 a British Columbia, shi ma ya tashi daga kilomita 12 zuwa 23 cikin wata biyu. Me ke ɗaga su? Kunkunniya. Irin baƙin da ke manne a rufin madafin Inna, wanda in ka shafa da yatsa sai ka wanke da sabulu sau biyu. A cikin hayaƙin nan ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba, amma tana shan hasken rana, ta ɗumama iskar da ke kewaye da ita, iskar ta yi sauƙi ta hau.

Ga inda lissafina ya shigo. Ƙa'idar Kirchhoff ta ce abin da ba ya shan haske a wani zango, ba ya fitar da shi a wannan zango. Ƙwayar hayaƙi tana karɓar zafi da rana ta gajeren zango, inda take da ƙarfi. Hanyar da za ta zubar da shi ita ce dogon zango, inda ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Tana karɓa da hannu biyu, tana bayarwa da ɗan yatsa. Raunin da na ɗauka ya kashe mini aiki yana cikin dalilan da suka sa hayaƙin ya kai inda ya kai. Na sa shimfiɗar a kilomita 16 a samfurin na raba lissafin gida biyu, kuma ɗumamar rana ta rinjayi abin da ƙwayoyin ke fitarwa a infared da tazara mai yawa. Saura in ƙara tururin ruwan da guguwar ta ɗauko daga ƙasa da ƙarancin ozon da ke cikinta, domin su biyun suna da hannu a dogon zango fiye da ƙwayoyin kansu.

A ganina wannan babin ne zai zama zuciyar rubutun, ba babin ƙanƙara ba. Malam bai yarda ba tukuna. Ya ce babin ƙanƙara yana da awon da za a gwada shi da shi, wannan kuwa lissafi ne a kan lissafi. Yana da gaskiya a nan, amma zan sake kai masa idan na haɗa da tsayin da CALIPSO ya auna mako bayan mako.

2 ga Fabrairu, 2025

Na je gida kwana uku. A hanya mun wuce wurare da dama da aka cinna wa daji wuta, wasu mafarauta ne ke korar gafiya, wasu makiyaya ne ke neman sabon tsiro. Hayaƙin yana tashi shuɗi-shuɗi ya shige cikin farin hazon hunturu, ido ba ya iya raba su. Ƙanena da ke zaune kusa da ni a mota ya ce, "Yaya, irin wannan kike aunawa?" Na ce masa wannan ƙanensa ne, na can har tsawa yake yi.

Amma tambayarsa ta bi ni har gida, domin abin da ido ya kasa rabawa infared yana rabawa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi ƙwayoyinta sun kai mikron da yawa, kuma ma'adinan da ke cikinta suna shan haske sosai tsakanin mikron 8 da 10. Shi ya sa take fitowa ruwan hoda a hotunan tauraron Meteosat da ake haɗawa da tagogin 8.7 da 10.8 da 12, dare da rana, hayaƙin kuwa ya ɓace. A Janairu da Fabrairun 2006 jirgin binciken Ingila ya yi ta tashi daga Yamai a aikin DABEX, ya tarar da ƙura a ƙasa, hayaƙin ƙonar daji daga kudu a samanta, hawa biyu. Samfurin da nake ginawa zai iya ɗaukar wannan shimfiɗa biyu ba tare da canji mai yawa ba, ga kuma tashoshin AERONET masu auna ƙura da hayaƙi daga ƙasa a Ilorin da Banizoumbou ta Nijar da za a gwada da su. Na rubuta shi a bayan littafi. Sai na gama da Ostireliya.

12 ga Fabrairu, 2025

Tagogin Himawari suna da faɗi, kowace tana haɗa zango da yawa ta ba da lamba ɗaya. Sawun hayaƙin kansa kuwa, ba na ƙanƙararsa ba, yana cikin siraran layuka ne. Don haka na fara buɗe bayanan na'urar IASI da ke kan taurarin Metop, mai siraran tagogi 8,461. A nan iskar da gobara ke fitarwa tana da sa hannunta: kabon monoksaid kusa da mikron 4.7, asid na fomik kusa da 9, amoniya da etilin tsakanin 10.3 da 10.5. Na ga na kabon monoksaid a fili a kan tekun Tasman ranar 5 ga Janairu, ranar da samaniyar Auckland ta New Zealand ta koma ruwan goro da rana tsaka.

Abin da ya fi buƙatar gyara shi ne alƙaluman da na sa wa ƙwayar a infared. Na ɗauko su ne daga awon Sutherland da Khanna na 1991 da ke cikin rumbun bayanan HITRAN, na sabon hayaƙin ciyayi a ɗakin gwaji. Hayaƙin da ya yi makonni a sama rana tana dukansa ya canza jiki. Na'urar ACE-FTS ta Kanada, wadda ke kallon rana ta gefen sararin duniya lokacin fitowa da faɗuwa, ta ga alamar haɗin kabon da iskar oksijin kusa da mikron 5.7 a irin wannan tsohon hayaƙi. Zan gwada samfurin da alƙaluma iri biyu in ga nawa digiri 1 ɗin nan na Disamba zai motsa.

Malam ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo babin ƙanƙara a rubuce, da hotuna shida na 30 ga Disamba bayan gyaran karkata. Huɗu sun kammala. Gobe zan nemo ratsawar CALIPSO ta farkon Janairu a gabashin New Zealand in fara jera tsayin.